Daɓen Kwalba a Gindin Darbejiya

Idan kana so Injiniya Shawulu ya manta da tuwon da ke gabansa, to ka ambaci kankare. Shekara da shekaru ya yi a ma'aikatar ayyuka yana gwada ƙarfin siminti, har ya yi ritaya aka mallaka masa ɗan gidan da yake ciki a Nassarawa, can ƙarshen wani layi mai inuwa. Mutane suka ce to, yanzu sai hutu. Ina! Ranar da ya ajiye aikin gwamnati, ranar ya buɗe nasa a bayan gida.

Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba. Sababbin manya suka shigo unguwar suna rushe tsofaffin gidajen zamanin Turawa, suna tayar da benaye, tifa kuwa sai kwasar ɓaraguzai take tana kaiwa kududdufi. Abin da Shawulu ba ya iya gani ke nan ya kau da kai. Yakan tare direban tifa ya lallaɓa shi a juye masa a bayan gida, ya zauna da guduma yana farfasawa, ya tace, ya wanke, sai ga tsakuwa ta fito. Buntun shinkafa da masu injin casa ke rasa inda za su kai, shi yake karɓowa ya ƙona a hankali cikin gangar ƙarfe har ya zama toka fara-fara, ya niƙe ta, ya rage siminti ya cike da ita. Duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya gaishe shi sai ya ji bayani: wai kankaren toka ba ya saurin yin ƙarfi, amma in ya fara, shekaru yake yi yana ƙarawa.

Matarsa Milka ta gaji da magana ta koma tsiya. "Mazan mutane in sun yi ritaya kaji suke kiwo," in ji ta, "ni nawa bola yake kiwo." Shi kuwa ko a jikinsa. Yana jin daɗin rayuwarsa, kuma ya san ita ma tana ji, don duk tsiyar nan ita ce ke riƙe masa rariya.

A bakin ƙofarsa akwai wata tsohuwar darbejiya. Gindinta nan ne masallacin layin: direbobi da masu gadi da kuku-kuku da masu ban ruwan fulawa, da an kira salla sai ka ga kowa ya fito da butarsa. Mai jan su salla shi ne Malam Tanko, mai gadin gidan da ke kallon na Shawulu, mutumin Ringim, dogo marar yawan magana. Shawulu kuwa Kirista ne daga Wusasa ta Zariya, amma da sun sallame la'asar yakan fito da kujerarsa da rediyonsa, a zauna a yi ta musu kan siyasa har rana ta yi sanyi. Da layya nama ke shigo masa ta ko'ina, da Kirsimeti Milka ta cika kwanuka da shinkafa da cincin a bi gida-gida. Haka suke tun 'yarsa Jacinta tana rarrafe.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ita Jacintar, wadda yanzu take koyarwa a Zariya, ta soma bugo waya.

"Baba, ku tattara ku dawo gida. Hankalina ba a kwance yake ba."

"Nan ɗin ina ne?" in ji shi. "Nan ma gida ne."

"Da can ne, Baba. Yanzu ka tabbata suna son ka a cikinsu?"

Ya yi dariya ya ajiye wayar, amma maganar ba ta ajiye shi ba. Babu abin da ya sauya a layin, Tanko yana gaishe shi kamar kullum, sai dai Shawulu ya kama kansa yana duban fuskokin mutane, abin da bai taɓa yi ba. Wannan ya dame shi ƙwarai.

Damina ta sauka, gindin darbejiya ya zama taɓo. Wata la'asar ya ga Tanko ya ɗago daga sujada gwiwoyin wandonsa jage-jage, duk da kwalayen da suka shimfiɗa a ƙarƙashin tabarmi. Nan take dabara ta faɗo masa. Zai yi musu daɓe na kankare, kyauta, daga hannunsa. A ransa kuma ya ce, in suka karɓa suka ɗora goshinsu a kai, to ya samu amsar da zai ba Jacinta.

"Malam Tanko," ya ce, "in kuna salla ina kuke fuskanta?"

Tanko ya dube shi da mamaki. "Gabas mana, Injiniya."

Mutumin da ya shekara yana kallon sahun nan daga ƙofarsa, ai da ido ma ya isa ya gane. Amma injiniya ba ya yarda da ido. Ya roƙe su su koma salla a rumfar motar gidan su Tanko na ɗan lokaci, ya kewaye gindin bishiyar da tsofaffin kwanon rufi don awaki, da kuma don kada a ga aikin sai ya kammala. Sannan ya ɗauko kamfas ɗinsa na zamanin aiki, ya auna gabas daidai wa daida, ya kafa turaku ya ja igiya.

Tsakuwa akwai, toka akwai. Saura yashi da abin ado. A bayan layin akwai wani kulob da ya rufe mashayarsa tun zuwan Shari'a, kwalabe koraye da jajaye sun taru jibgi a jikin katanga, manajan wurin har godiya ya yi da aka zo kwasa. Shawulu ya san in ɗigon zaƙi ya rage a kwalba siminti ba zai kama ba, don haka ya kafa doka: kowace sai an jiƙa ta, an kankare takardar jikinta, an wanke ciki da waje, an ɗauraye. Shi da Milka suka duƙufa a bakin famfo, ruwa yana malala har titi.

"Baban Jacinta," ta ce, tana duban hannayenta da suka yi fari, "ni da ban taɓa kai giya bakina ba, yau ni ce mai wanke mata kwalba. Allah ya isa tsakanina da ritaya."

Ya daka wasu a turmin ƙarfe suka yi laushi ya gauraya da yashi. Korayen masu kauri kuwa ya farfasa su ƙanana, ya goge kaifinsu har yaro ma ya taka ba komai. Da aka zuba kankaren, tun yana ɗanye ya jera su ɗaya bayan ɗaya, layi uku miƙaƙƙu don sahu, ya fitar da ɗan gurbi a gaba don liman. Ya lulluɓe daɓen da jiƙaƙƙun buhuna, safe da yamma yana ban ruwa, yana yi yana 'yar waƙarsa ta coci ƙasa-ƙasa.

Ranar da ya cire kwanon rufin, mutanen layin suka taru. Daɓe ya yi sumul, layukan kore suna ɗaukar ido a inuwa. Kowa sai masha Allah. Sanusi, direban wani kwamishina, mai surutu da son dariya, ya tsuguna ya shafa.

"Injiniya, wannan koren fa? Daga waje aka kawo?"

Ai kuwa ya taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Shawulu ya gyara tsayuwa ya fara: tsakuwar nan tsohon gidan da aka rushe ne a kwanar layi, rabin abin da ya ɗaure ta tokar buntu ce, ita ce ma ke hana kwalba da siminti faɗa. "Koren kuwa," ya ce da alfahari, "kwalaben kulob ɗin can ne na baya."

Milka da ke tsaye a ƙofa ta yi tari. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Tanko ya matso. Ya cire takalmi ya hau, ya tsaya a gurbin liman, ya dubi gabansa, ya ɗan dubi hagu, ya sake duban gabansa. Sauran suka tsaya suna kallon juna. Can ya sauko ya kama hannun Shawulu da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, Injiniya. Allah ya bar zumunci. Bari dai ya ƙara bushewa."

Suka shimfiɗa kwalaye da tabarmi a gefe, cikin taɓo, suka ta da salla.

Washegari haka. Jibi haka. Shawulu ya san kankarensa, ya san ya bushe, ko tifa ta hau ba abin da zai same shi. Ƙadangaru ne kawai ke hawa suna shan hantsi suna gyaɗa masa kai. In ya tambaya, amsar ɗaya ce: bari ya ƙara bushewa. Ya zauna ya auna abin ta kowace fuska, ya ga ba wani dalili sai kwalaben nan. Ga shi ya ɗauko kwalbar giya ya shimfiɗa wa masu salla, a shekarar Shari'a, kuma ya tsaya a gabansu yana fahariya da ita. Kunya ta kama shi, bayan kunyar kuma baƙin ciki, don gani yake da wani ne daga cikinsu ya yi kuskuren, da tuni an faɗa masa a fuska an yi dariya an wuce. Shi ne ake wa kara kamar baƙo.

Ya daina fitar da kujera. Da la'asar sai ya kunna rediyo a falo, ya rage murya yana sauraron kabbararsu ta taga.

"Wataƙila yarinyar nan ta fi ni gaskiya," ya ce wa Milka.

"Ka tambaye su mana. Bakinka ciwo yake?"

"Me zan tambaya? Na ji amsa ai."

"Ba ka ji komai ba. Kai da kanka ka yi tambayar, ka ba kanka amsa, ka kuma yi fushi." Ta ɗauke kwanon da bai taɓa ba ta shige kicin.

Da Jacinta ta bugo a makon, bai ce mata nan ma gida ne ba. Cewa ya yi zai yi tunani. Ita kuwa ta ce za ta fara neman motar kwasar kaya.

Wata safiya da hantsi ya ɗauki babbar gudumarsa ya fita. Ya yanke shawara: tunda abin ya zame musu nauyi, gara ya fasa ya kwashe, su samu gindin bishiyarsu kamar da. Ya tsaya a kan daɓen, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gudumar.

"Injiniya! Injiniya! Subhanallahi!"

Tanko ne ya tsallako titi da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, mutumin da ba a taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba. Ya riƙe ƙotar gudumar.

"Me za ka yi haka?"

"Zan gyara ɓarnar da na yi, Malam Tanko. Ban yi tunani ba. Na kawo muku kwalbar giya wurin ibada. Ku yafe ni."

"Kwalba?" Tanko ya saki baki. "Wai kwalbar ce ta hana ka fitowa? Ai tun ranar na kai maganar gaban malaminmu a Gawuna, inda nake ɗaukar karatu. Tambaya ɗaya ya yi mini, ya ce an wanke? Na ce da idona na ga Maman Jacinta tana wanki har ruwa ya kai ƙofarmu. Ya ce kwalba ba ta shan abin da aka zuba mata, in ruwa mai tsarki ya bi ta kanta magana ta ƙare. Har cewa ya yi abin da aka yi saɓo da shi ya koma wurin sujada, wannan ai abin murna ne."

Shawulu ya sauke gudumar a hankali. "To mene ne? Kada ka ce mini bai bushe ba."

Tanko ya sunkuyar da kai, ya gyara hula, ya sake gyara ta. Sanusi da ke wanke mota a can ya ajiye tsumma ya matso, yana ƙunshe dariya.

"Zo ka tsaya nan," in ji Tanko. Ya kai shi gurbin liman. "Ina kake kallo?"

"Gabas. Da kamfas na auna, ko gashi ɗaya ban kauce ba."

"To, gabas ɗin mafitar rana ke nan." Tanko ya dafa kafaɗunsa, ya juya shi hagu sannu a hankali, har fuskarsa ta daidaita da wani tankin ruwa da ke leƙowa ta saman katangar maƙwabta. "Namu gabas ɗin ga shi nan. Alƙibla. Mu dai duk gabas muke ce mata."

Shawulu ya tsaya yana kallon tankin. Taswira ta faɗo masa a rai: ga Kano, ga Makka can sama da ita, gabas maso arewa. Ya sani sarai, tun yana makaranta ya sani. Kalmar ce ta ja shi, shi kuma ya bi ta da kamfas.

"Don Allah me ya hana ku faɗa mini?"

"Da wane bakin?" in ji Tanko. "Ni ka tambaya, ni na ce maka gabas. Ka sha rana, iyalinka ta sha wanki, ka jera mana sahu kamar da zare. In muka hau muka karkace a kan layukanka, duk mai wucewa zai ce ga aikin Injiniya can, bai san gabas ba, a ƙofar gidanka. Muka ce gara taɓo."

"Kullum sai mun yi shawara," Sanusi ya sa baki. "Malam Tanko ya ce ni in faɗa maka tunda bakina ba ya shiru. Na ce a'a, liman ne gaba ko a salla. Da ka daina fitowa kuma muka ce shi ke nan, ya gane, ya yi fushi da mu."

Shawulu ya dubi Tanko, ya dubi Sanusi, ya dubi layukansa kore da suka miƙe tsaf suna kallon inda ba kowa. Dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har ya zauna a kan daɓen yana share hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Wani nauyi da ya kwana biyu a ƙirjinsa ya sauka. Milka ta leƙo ta ga dattawa biyu zaune a ƙasa da guduma a tsakaninsu, ta girgiza kai ta koma.

Gyaran bai zama na fasawa ba. Shawulu ya ce za a ƙara faɗin daɓen ta gefe ɗaya, a zuba sabon shafi a kai, a sake jera sahu. Wannan karon ba a kewaye da kwanon rufi ba. Tanko ne ya ja igiya da hannunsa, Shawulu ya bi da kamfas yana dubawa don dai ransa ya kwanta, kowa ya yarda da aikin ɗan'uwansa. Kwalabe suka yi ta zuwa daga gidajen layin, na lemo da na magani da na turare, har Milka ta ce ita fa ta yi ritaya daga wanki, sai ga Sanusi ya naɗe hannun riga ya karɓe ta. Masu ban ruwan fulawa suka karɓi ban ruwan kankare, suna yi suna tambayar yadda ake ƙona buntun, don wani cikinsu yana so ya daɓe tsakar gidansu a ƙauye.

Da sahun ya juya, sai wata kusurwa ta tsohon daɓen ta rage a waje, daga baya ta hannun dama, da guntun tsohon layin kore a jikinta. Idon injiniya bai so ta ba. Ya ce zai sare ta aikin ya yi kyan gani.

"Bar ta," in ji Tanko.

"Ba ta da amfani, Malam."

"Ka dai bar ta."

Ranar da aka cire buhunan, babu wanda ya ce a jira. Da aka kira la'asar suka ajiye butoci, suka hau, yatsun ƙafa a kan koren layi. Shawulu yana tsaye a ƙofarsa, hannu a baya. Ya ga Tanko ya shiga gurbinsa ya ɗaga hannu, ya ga sun yi ruku'u, ya ga goshinsu ya sauka a kan tsohon gidan kwanar layi da tokar buntu da kwalaben kulob. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ɗaga kai yana kallon ganyen darbejiya.

Suna sallamewa Sanusi ya miƙe, ya wuce Shawulu ba ko sallama ya shiga barandar gidan, ya fito da kujerar nan da rediyon. Ya kai ta kan kusurwar da ta rage ya dasa. Ƙafafunta huɗu suka zauna daram, kamar don ita aka auna wurin.

"Bismilla, Injiniya," in ji Tanko. "Ga gabas ɗinka nan, mun ajiye maka."

Ya zauna. Aka kunna rediyo, kafin a gama kanun labarai musu ya kaure kan wani ɗan majalisa da ya yi alkawarin kwalta. Ana cikin haka Milka ta fito bakin ƙofa tana goge hannu da zani.

"Baban Jacinta, yarinyar nan ce a waya. Wai ta samu motar kayan, yaushe za ta turo?"

Musun ya tsaya. Kowa ya juyo yana kallonsa. Shawulu ya miƙe ƙafa, ya shafa guntun koren layin da tafin ƙafarsa, ya dubi Tanko ta wutsiyar ido.

"Ki ce mata ta dakata," ya ce. "Bari ya ƙara bushewa."